Iccen gona, na wa ne?

Ranar 3 ga watan Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ita ce kuma ranar dashen itatuwa tun zamanin mulkin Seyni Kunce. Kowace shekara magabata kan fito cikin manyan riguna, a miƙa musu ɗan icce cikin leda, su durƙusa su dasa, a zuba ruwa, a tafa. Abin da ba a cika komawa a duba ba shi ne ko iccen ya ga Agustan baɗi, ko kuwa akuya ta riga kowa zuwa. A tsakanin waɗannan shekaru kuwa, can cikin gonakin Maraɗi da Damagaram da Tawa, itatuwa kimanin miliyan 200 sun tashi bisa hekta wajen miliyan 5, bisa ƙiyasin masu bincike, kuma mafi yawansu babu wanda ya dasa su. Wanda yake son ya gane abin da ake kira ci gaba mai ɗorewa, kalmar da ba ta faɗuwa daga bakin ministoci da masu furoje, gara ya fara daga waɗannan gonaki.

Kalmar dai baƙuwa ce. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taronta na farko kan muhalli a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, inda ƙasashe matalauta suka je da zargi a zuci, suna ganin masu masana'antu, bayan sun gama ƙoshi, sun zo su hana na baya cin nasu rabo. A 1983 Majalisar ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, wadda ta riƙe muƙamin firaministar Norwe, domin ya sasanta maganar arziki da ta muhalli. Rahoton kwamitin ya fito a 1987, kuma shi ya baza kalmar cikin duniya. Ma'anarta ba ta fi ƙarfin kowane manomi ba: a ci, a ƙoshi, amma kada a cinye iri. Daga baya masana suka ce abin yana tsaye bisa ƙafa uku kamar tukunya bisa murhu, wato tattalin arziki, da zaman jama'a, da lafiyar ƙasa. In dutse guda ya goce, tuwo ya zube.

A watan Yuni na 1992 shugabannin duniya suka hallara a Riyo, ƙasar Barazil. Nan aka amince cewa nauyin gyara yana kan kowa, amma wanda ya fi ɓarna shi ya kamata ya fi ɗauka, kuma a riƙa shawartar mutanen da abin ya shafa kafin a yanke hukunci a kansu. Ƙasashen Afirka sun lura cewa hankalin manya yana kan hayaƙi da dazuzzukan Amazon, sai suka dage sai an yi maganar hamada. Dagewar ta haifi yarjejeniyar yaƙi da gurgusowar hamada, wadda aka amince da ita a Paris ranar 17 ga Yuni 1994. Muradun ƙarni guda 8 sun biyo baya a 2000, sannan muradu 17 a 2015, waɗanda wa'adinsu yake cika a 2030. Alkawarin da ƙasashe masu arziki suka sake nanatawa a Riyo, na ware kashi 0,7 cikin ɗari na arzikinsu domin taimako, ƙalilan ne daga cikinsu suka taɓa cika shi.

Nijar ba ta jira Riyo ba, don wuya ta riga ta koya mata. Farin da ya fara a 1968 ya kai 1974 ya ƙare dabbobi, ya watse garuruwa, ya kuma share hanyar juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Shekara goma bayan haka yunwar da talakawa suka laƙaba wa suna El Buhari ta sauka, daidai lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta. Cikin wannan hali ne, a watan Mayu na 1984, aka kira babbar mahawarar ƙasa kan hamada a Maraɗi, wadda ta fitar da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi: kokowa da hamada aikin kowa ne, kuma dole talaka ya kasance cikinta. Shekaru uku kenan kafin rahoton Brundtland.

Sai dai magana daban, doka daban. Dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, sun sa manyan itatuwa irin su gawo a ƙarƙashin kariyar hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne ya zo a karkace. Manomin da ya sassabe reshen gawon da ya gada daga kakansa yana iya samun kansa gaban sarkin dawa, ana cinsa tara. Wanda ya ga haka sau guda ba ya buƙatar a sake koya masa: duk tohon da ya fito cikin gona sai ya kashe shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama na gwamnati. Ga kuma malaman gona na zamanin gyaɗa, waɗanda suka yi shekaru suna koyar da cewa gonar ƙwarai ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta sarai don garmar shanu ta wuce. Ƙarshenta gonaki suka zama tsirara. Iskar farkon damana ta riƙa binne shuka da rairayi, har manomi ya shuka hatsi sau biyu ko sau uku kafin ya kama.

Maganin da furoje-furoje suka kawo shi ne reno da dashe, galibi bedi da turare. A wasu wurare an dace, kamar kwarin Majiya inda aka fara jera layukan bedi masu tare iska a 1975, da kuma Keita inda babban furojen Italiya ya soma a 1984. A wurare da yawa kuma kuɗi sun ƙare, itatuwan sun bi su, domin iccen da ba shi da mai shi ba ya samun mai ba shi ruwa.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a Maraɗi, bayan ya gaji da dashen da ba ya kamawa, ya lura cewa ƴan kurmin sabara da kalgo da geza da ake sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu suke raye cikin ƙasa, sun riga sun kai ga laima. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi toho biyu ko uku ko biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a sassabe ƙananan rassa, a tsare su daga wuta da gatari. Ba leda, ba ban ruwa, ba jika ko guda, sai adda. Wannan shi ne sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon cimaka, mutane suka yi don a ba su hatsi, kuma da rabon ya tsaya mafi yawa suka koma suka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci: iska ta rage, ganye ya zama taki, mata sun samu iccen girki kusa, kuma ana sayar da sanduna a kasuwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya.

Ba daidai ba ne a ce baƙo ne ya koya wa Bahaushe darajar gawo. A ƙasar Damagaram har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare shi. Icce ne mai saɓa wa sauran: yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma ya yi kore, ƴaƴansa su ciyar da bisashe, su kuma su bar taki a gindinsa. A Magarya da Matamai da Mirya, inda jama'a ta yi yawa har babu sauran gonar da za a bari ta huta, manoma da kansu suka koma ga renon gawo, kuma binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta abin ya kai hekta wajen miliyan guda a can kaɗai. Hotunan sama na 1975, da aka gwada da na bayan shekara ta 2000, sun nuna garuruwan da mutanensu suka ƙaru kuma itatuwansu suka ninka.

Akwai wani dalili da ba a son faɗa a wurin taro. Itatuwan sun fi yaɗuwa ne a shekarun da hukuma ta yi rauni, bayan faɗuwar kuɗin uraniyom, lokacin da albashi yake makara wata da watanni, motar ma'aikatan daji kuma ba ta da man shiga ƙauye. Da ido ya ɗauke, manomi ya ɗauki iccen gonarsa tamkar nasa, ya kuma kula da shi. Doka ce ta biyo sawu a hankali: ƙa'idojin tsarin karkara na 2 ga Maris 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sannan dokar 30 ga Yuli 2020 wadda ta tsara sassaben zamani, ta kuma amince da haƙƙin manomi bisa iccen da ya rena. Shekaru 36 tsakanin Alkawarin Maraɗi da wannan takarda. A tsakani an kafa majalisar ƙasa ta muhalli domin ci gaba mai ɗorewa a 1996, an kuma shiga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Dakar zuwa Jibuti. Shi ma wannan shiri, da ya fara da mafarkin dasa katanga guda, ya dawo yana koyi da gonakin Agye.

Duk da haka murhun bai zauna daidai ba tukuna. Da icce ya zama na mai gona, matar da ba ta da ko gamana ta rasa inda ta saba yin itace kyauta, sai ta saya ko ta ƙona kara da kashin shanu. Makiyayin da ya gaji sassabe reshe don garkensa da rani yanzu ɓarawo ne a idon manomi, kuma rigimar da ta fara a gindin gawo tana iya ƙarewa a gaban alƙali, ko inda ya fi nan muni. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka sa dokokinsu da tararsu, kuma abin ya yi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma garuruwa nawa ne suke da irin wannan kwamiti? Ga kuma lissafin da ba ya jiran kowa: ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai, ta 2012 ta samu sama da miliyan 17, yau kuma an haura miliyan 25. Gandun da uba ya noma shi kaɗai, ƴaƴa shida ne suke raba shi, kuma a wajen rabon gado a kudancin Maraɗi yanzu har gawo ana ƙirgawa, a san a kason wa ya faɗa.