SHARHI: Gwanjon gwamnati a intanet: Wa ke tafiya da kayan bayan an rufe tayi?

A watan Janairun 2025 Hukumar EFCC ta yi gwanjon ɗaruruwan motocin da kotuna suka mallaka wa gwamnatin tarayya, kuma ta shafukan intanet na 'yan gwanjon da ta ba wa aikin aka karɓi tayi. Tun kafin a rufe, koke-koke suka cika dandalin X da Facebook. Wasu sun ce shafin ya ƙi buɗuwa a daidai lokacin da suke son ƙara tayi. Wasu sun ce an fitar da su ana saura 'yan mintoci a tashi. Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne irin kuɗin da aka riƙa tayawa: tsohuwar mota, sai a ga an sa mata farashin da ya ninka na sabuwarta. Daga bisani hukumar, ta bakin kakakinta Dele Oyewale, ta amince an samu tangarɗa, ta kuma ce za ta duba ƙorafe-ƙorafen.

An fi tattauna batun shafin da ya tsaya, domin shi kowa ya gani da idonsa. Amma tayin da ya wuce hankali ya fi shi haɗari, kuma shi ya kamata mai bibiyar dukiyar jama'a ya zuba wa ido.

Me ya sa matasa ke tururuwa?

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, abin da ya taɓa masu sayo mota daga Kwatano kai tsaye. A Yunin 2023 kuma aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, kuɗin fito ya bi dala ya hau, har motar da ma'aikaci ke iya saye da adashi a da ta fi ƙarfinsa. Ga matashin da ke neman motar haya ko ta fara sana'a, gwanjon gwamnati ya zama ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da suka rage.

Akwai kuma tsohon ƙorafi. Shekara da shekaru ana zargin cewa kayan da Kwastam ta kama a hannun 'yan fasa-ƙwauri da takardar alfarma ake raba su, sai wanda ya san wani. Don kawar da wannan zargi ne Hukumar Kwastam, a zamanin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta buɗe shafin gwanjo na intanet a watan Yulin 2017. Sharuɗɗan ba su da tsauri: lambar shaidar biyan haraji, asusu a shafin, da Naira 1,000 kuɗin shiga tayi. A farko ta bankin Jaiz kaɗai ake iya zuba kuɗin, lamarin da ya jawo surutu kafin sauran bankuna su shigo. A Janairun 2024, ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi, aka sake buɗe shafin bayan an yi masa kwaskwarima.

Dole a yaba wannan mataki. Saurayin da ke Gusau ko Potiskum yana iya taya motar da ke ajiye a Legas daga wayarsa, ba tare da ya durƙusa a ofishin kowa ba. Sai dai shiga gwanjo daban, fita da kaya daban.

Yadda tayin ƙarya ke aiki

A ɗauka mota ce da kuɗinta a kasuwa ya kai Naira miliyan takwas. Mutum biyu suka haɗa baki. Na farko ya taya miliyan biyu da zarar an buɗe. Nan take na biyu ya taya miliyan ɗari. Tunda ƙa'ida ita ce sabon tayi ya ɗara wanda ke sama, duk mai niyyar biyan miliyan shida ko bakwai an rufe masa hanya. Aka tashi, na biyu ya yi nasara, ya ƙi biya. Idan tsarin ya ce kaya su koma ga mai bi masa, to na farko ya samu mota a miliyan biyu, baitulmali ya yi asarar bambancin. Idan kuma tsarin bai fayyace makomar kayan ba, sun koma hannun jami'i ko ɗan gwanjo ya yi yadda ya ga dama, wato an dawo gidan jiya.

Wannan ba tuhumar wani jami'i ko kamfani ba ce. Dabara ce da aka daɗe da saninta a shafukan gwanjo na duniya, kuma tana yin tasiri a duk inda kuɗin shiga ya yi ƙanƙanta ƙwarai idan aka kwatanta da darajar kaya. Wanda abin da zai rasa bai wuce Naira 1,000 da rufe asusu ba, ba shi da dalilin jin tsoron taya biliyan.

Akwai kishiyarta, wadda mai sayarwa ke amfana da ita: a sa wani ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don mai saye na gaskiya ya zurma. Malaman fiƙihu sun san wannan tun ƙarnoni da suka wuce, suna kiransa najashi, kuma haramun ne, alhali shi gwanjon kansa jumhurun malamai sun halatta shi. A kasuwar kara ma an san shi. Abin da ke taka masa birki a can shi ne kowa ya san kowa. Dillalin da aka kama da haɗa baki ya zubar da mutuncinsa, la'adarsa ta gobe ta tafi. Wanda ya taya sa aka ce an sallama, sannan ya sulale, ba zai sake samun mai saurarensa ba a wannan kasuwa. Intanet ta ɗauke wannan idon sani, don haka dole a samar da abin da zai tsaya a madadinsa.

Darasin eBay

Shafin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, da wannan matsala ya fara cin karo: yaya baƙo zai aika wa baƙo kuɗi kan kayan da bai taɓa gani ba? A 1996 shafin ya ɓullo da tsarin da mai saye da mai sayarwa ke ba juna shaida a bainar jama'a bayan kowane ciniki, ta yadda tarihin mutum ke bin sa duk inda ya shiga. A 2002 kamfanin ya sayi PayPal, biyan kuɗi ya zama yana da sawu, kuma daga baya aka ba mai saye damar karɓar kuɗinsa idan kaya ba su zo ba ko sun saɓa da bayanin da aka yi. Wanda ya ci gwanjo ya ƙi biya, ana rubuta masa, idan ya maimaita a taƙaita shi. Duk da haka ba a daina zamba a eBay ba, amma an sa ta yi tsada.

A gwanjon gwamnati abin ya karkata gefe guda. Mai saye ya ba da lambar harajinsa da lambar wayarsa, an san shi ciki da bai. Shi kuwa ba shi da inda zai rubuta cewa motar da ya biya ya tarar babu batir, babu fitila. Ana sayar da kayan ne a yadda suke, kuma da yawansu sun shekara a fili, rana da ruwan sama na dukansu. Wanda ke Kano ya taya motar da ke Fatakwal da hoto biyu ko uku, ya yi cinikin biri a sama. Bayan farashin da ya taya akwai harajin VAT na kashi 7.5, da kuɗin ɗauko motar, da na makaniki, ga wa'adin 'yan kwanaki na biya da kwashewa.

Masana tattalin arziki suna da suna ga abin da kan biyo baya, suna ce masa la'anar mai nasara. Idan mutane da yawa na hasashen darajar abin da ba su gani ba, wanda ya fi kowa zuzuta shi ne ke ci, shi ne kuma ya fi kusa da yin asara. Nazarin wannan na cikin aikin da ya sa aka ba Paul Milgrom da Robert Wilson kyautar Nobel a 2020, kuma ɗaya daga cikin abin da bincikensu ya nuna shi ne mai sayarwa kan samu farashi mafi kyau idan ya bayyana wa masu tayi cikakken bayani. Ɓoye halin kaya, ke nan, gwamnati ma yake cuta.

Duhun da ke tattare da gwanjon ya kuma buɗe wa 'yan damfara kasuwa. Shafukan bogi masu ɗauke da hoton jami'ai cikin kaki sun cika Facebook da WhatsApp, suna tallar motar gwanjo a rabin kuɗi, a tura kuɗin fom a asusun wani mutum. Kwastam ta sha yin gargaɗi a kansu. Suna samun kasuwa ne saboda mutane sun riga sun yarda cewa akwai ƙofar baya.

Abin da ya kamata a nema

Na farko, kafin alƙalami. Duk mai tayi ya ajiye wani kaso na farashin farawa, a mayar wa wanda bai ci ba, wanda ya ci ya ƙi biya ya rasa. Za a ce wannan zai kori talaka. Amma wanda zai iya biyan miliyan uku cikin 'yan kwanaki zai iya ajiye dubu ɗari uku na mako guda, kuma tayin ƙarya ya fi korar talaka fiye da kowane kuɗin ajiya.

Na biyu, idan mai nasara ya gudu kuma tazarar da ke tsakaninsa da mai bi masa ta yi yawa, a sake sa kayan a gwanjo a fili.

Na uku, a ware ranakun duba kaya, a kuma wallafa lambar jikin mota da hotuna masu kwanan wata.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci: a wallafa sakamako. Kowane kaya, nawa aka fara, nawa aka tashi, an biya ko ba a biya ba, idan ba a biya ba ina ya tafi, kuma nawa ɗan gwanjo ya karɓa. Dokar sarrafa kadarorin da aka ƙwato ta 2022 ta wajabta wa hukumomi ajiye bayanan irin waɗannan kadarori, ta kuma tanadi asusu na musamman a Babban Banki da za a riƙa zuba kuɗinsu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa.

Motocin nan ba kyautar wata hukuma ba ce. Wasunsu da kuɗin asibiti da makaranta da aka sace aka saye su, wasu kuma harajin ƙasa aka kauce wa aka shigo da su. Sayar da su da daraja shi ne mataki na ƙarshe na dawo wa jama'a da haƙƙinsu. Ƙungiyoyin matasa da 'yan jarida ba sa buƙatar jiran gwanjo na gaba: takarda guda ta neman jerin waɗanda suka biya a gwanjon Janairun 2025, da farashin kowace mota, ta isa a fara da ita.