Wayarka lafiyarta ƙalau, mai fotal ne ya ƙi raba shafi

Jama'a, akwai cutar da ake yi wa masu ƙananan wayoyi, kuma shirun ya isa haka. Ka shiga fotal don duba sunanka cikin waɗanda aka ɗauka aiki ko aka ba tallafi, sai abu ya yi ta juyawa, waya ta ɗau zafi, burauza ta fita da kanta. Daga nan sai ka nufo shagon gyara a Gwandu ko Kalgo ka ce a yi mata fulashin. Sau da yawa in muka duba, babu abin da ya same ta. Wanda ya haɗa fotal ɗin ne ya kwaso sunaye dubbai ya zube maka a shafi guda.

Wayar itel ko Tecno mai RAM 2GB ba za ta iya wannan dakon ba. Kamar ka ɗora wa jaki ɗaya buhun shinkafa goma ne, in ya durƙushe ka ce rago ne. Ga kuma datarka da ke ƙonewa a banza, alhali tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Maganin ba sabo ba ne: a raba jerin zuwa shafuka, a sa 1, 2, 3 da maɓallin gaba da na baya a ƙasa. Haka Gmail yake yi a kwamfuta, saƙo 50 yake nuna maka a shafi. Kuma kar wani mai haɗa manhaja ya ce maka aiki ne mai wuya. Bootstrap da Material UI da Ant Design duk suna da waɗannan maɓallan a shirye, kyauta. A ce sunaye 5,000 ne, ana nuna 20 a kowane shafi, ka ga shafi 250 ke nan. In ka danna 3, sai saba ta tsallake 40 na farko ta turo maka 20 da ke biye. Da LIMIT da OFFSET ake rubuta wannan a SQL, layi ɗaya ne.

Sai dai akwai masu ha'inci. Za su jera maka lambobin ado, amma tuni sun sauke duka sunayen a wayarka, ɓoye su kawai suka yi. Ga yadda za ka kama su: bari shafin farko ya buɗe, ka kashe data, ka danna wani shafi mai nisa kamar na 30. In ya buɗe nan take, to ka riga ka biya kuɗin duka.

Wani zai ce ai zamani ya wuce danne-danne, yanzu jan allo ake yi ba iyaka kamar Facebook da TikTok. To malam, can hira ake yi da kallo, ba wanda ke neman sunansa. Gwada ja na minti goma, sabis ya ɗauke, ka ga yadda za a mayar da kai sama ka faro daga farko. Da shafi ne, ka san a na 14 ka tsaya, kuma kana iya ce wa ɗan uwanka ya duba nan. Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙiro wannan jan allon a 2006, shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Google ma ya sa shi a sakamakon bincike na waya a 2021, amma a 2024 ya fara janye shi. In Google da kuɗinsa ya ja da baya, kai wane ne?

Ku kuma ɗalibanmu masu koyon haɗa manhaja, musamman na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke nan Kalgo, don Allah ku daina gwada aikinku a kwamfutarku kaɗai. Ku ari ƙaramar waya, ku fita ƙauye inda sabis ke rawa, ku gwada a can. Ku yi maɓallan da girma yadda babban yatsa zai danna ba kuskure. Ku sa lambar shafi a cikin adireshin, ku ƙara akwatin neman suna a sama.

Kai kuma mai waya, kafin ka biya kuɗin fulashin ka yi asarar hotunanka da lambobinka, buɗe wasu shafukan tukuna. In suna tafiya daidai, wancan ɗaya ne ke sandarar da ita, to riƙe kuɗinka. Masu fotal ɗin za ka kai wa ƙorafi, ka ce su raba shafi.