Lasifikun baya marasa waya: a bincika kafin a zuba kuɗi

Duk wanda ya haɗa hom tiyata a falonsa ya san inda gizo ke saƙa: lasifikun baya. Ukun gaba da wufa suna zaune kusa da talabijin lafiya lau. Biyun baya kuwa sai an ja musu kebul ya ratsa falo, yara su yi tuntuɓe da shi, mai shara ta fincike shi. Shi ya sa a gidaje da yawa ake jere duka biyar ɗin a gaban talabijin, ko a bar biyu a kwali. Da mutum ya ga tallan na'urar da za ta mayar da su marasa waya, sai ya ji kakarsa ta yanke saƙa. Gaskiya tana aiki, amma wanda yawancin kallonsa daga wayar hannu yake, da wuya ya ci ribar kuɗinsa.

Sunan ma akwai ruɗi a cikinsa. Na'urar kashi biyu ce: mai aikawa, da ake jonawa a mafitar lasifikun baya ta amfilifaya, da mai karɓa, da ake ajiyewa bayan kujera. Mai karɓar nan tana buƙatar soket, kuma daga jikinta kebul biyu ne za su fita zuwa lasifikun. Abin da aka rage kawai shi ne dogon kebul ɗin da ke ratsa falo. Idan babu soket a bangon baya, an gudu ba a tsira ba. Akwai masu batir, irin waɗanda ake cirewa daga jikin wasu sandunan sauti na JBL, sai dai an ƙara wa gida wani abin caji a inda wuta ba ta da tabbas.

Wasu matasa kan ce ai ga ƙananan lasifikun Bluetooth a ɗaki, a haɗa da su mana. A nan ne jinkiri ke ɓata komai. Bluetooth na yau da kullum yakan makara da milisakan 100 zuwa 200. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka jinkirin milisakan 150 daidai yake da a ɗauki lasifikar a kai ta nisan mita 50. Harsashi zai tashi a gaba, sai daga baya a ji shi a baya kamar amsa-kuwwa. Na'urorin da aka ƙera musamman don wannan aiki suna da tasu hanyar a zangon 2.4 ko 5 GHz, jinkirinsu kaɗan ne. Tsarin WiSA, misali, kusan milisakan 5 yake makara. Amma 2.4 GHz ɗin nan shi ne zangon da MiFi da rawuta ke amfani da shi, kuma idan suka yi kusa da juna sauti na iya yankewa.

Babbar tambaya ita ce: me za a aika wa lasifikun? Tsarin 5.1 yana nufin an raba sautin fim gida shida tun daga wajen haɗa shi. Wayar hannu idan ta tura sauti ta Bluetooth ko ta ramin iyafis, gida biyu kawai take bayarwa, hagu da dama. Yawancin bidiyon YouTube da TikTok da finafinan da ake turawa a waya ma haka suke. A irin wannan hali, lasifikun baya ko dai su yi shiru, ko su maimaita abin da na gaba ke faɗa. Wannan ƙarin ƙara ne, kuma ana samunsa da kuɗi ƙasa da haka. Sautin kewaye na gaske sai fim yana da Dolby Digital ko DTS, irin masu alamar 5.1 a Netflix, kuma ya bi ta HDMI ARC ko kebul ɗin haske ya isa amfilifaya.

Sai batun dacewa. Lasifikun baya na Samsung da wasu sandunan Samsung kaɗai suke aiki, haka na LG, haka na Sonos. Ƙananan hom tiyata masu DVD kuma da yawa suna da bakin jona kebul nasu na daban. Mai sayen tokumbo ya duba jikin caja: kayan Amurka wutar bolt 120 aka yi wa wasunsu, ta Najeriya kuwa 230 ce. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙona su.

Duk da haka akwai wanda na'urar ta dace da shi. Ɗan haya da mai gida ya hana shi huda bango, falonsa tayil ne ba kafet, yana da soket a baya, kuma yana kallon finafinan 5.1 ko yana buga PlayStation, wannan zai ji bambanci tun daren farko.

Ga saura, gwajin ba ya cin ko sisi. A jona lasifikun baya da kebul ɗinsu na asali, a ajiye su gefen kujera, su ɗan koma baya kaɗan, sama da kunnen mai zaune. A kunna fim ɗin da aka saba kallo, a duba ko fuskar amfilifaya ta rubuta Dolby Digital. Idan ba ta rubuta ba, gyaran yana wajen haɗin talabijin da abin da ake kunnawa. Idan ta rubuta kuma sautin ya gamsar, sai a kwatanta farashin na'urar da na kebul mai faɗi na mita goma da za a bi da shi gindin bango. Kebul ba ya neman caji, ba ya makara, kuma ba ruwansa da MiFi.