Su Wa Suka Cancanci Shiga Zauren Mawaƙa?

A birnin Cleveland na ƙasar Amurka akwai wani gida da aka gina don tunawa da gwanayen kiɗan zamani na Turawa. An fara zaɓen masu shiga a 1986, aka buɗe ginin a 1995. Ƙa'idarsu ita ce, ba a duba mawaƙi sai faifansa na farko ya shekara 25 da fitowa. Kowace shekara sai an yi gardama a kan wanda aka ɗauka da wanda aka bari.

To, mu fa? A nan Paki, tambayi ɗalibi sunan mawaƙan waje, sai ya jero maka goma. Tambaye shi abin da ake kira kuntigi, sai ya hau sosa ƙeya. Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Mu manya ne ba mu ajiye masu kome ba. Saboda haka muna ganin ya kamata ƙasar Hausa ta sami nata zauren. Amma wa za a sa a ciki?

Ma'auninmu uku ne. Waƙar mutum ta rayu bayan shi. Ya kasance da muryar kansa, ba aro ba. Kuma talaka ya amfana da abin da ya faɗa, ba mai kuɗin da aka wasa kaɗai ba.

Babu musu a kan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Da kalangu da 'yan amshi ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa manomi. Haka nan Ibrahim Narambaɗa na Isa da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Gwanayen kotso ne na fada, amma Hausar da ke bakinsu makaranta ce. Wanda ke son karin magana da azanci, can zai je.

Inda muke jin tsoron a yi rashin adalci shi ne wajen sauran. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake zama da ɗan kuntiginsa. Ya yi wa karen mota waƙa lokacin da ba mai kallonsa da daraja, ya kuma soki auren dole. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi amada, tana gargaɗin mata su kama sana'a. Zauren da ba mace a cikinsa rabin zaure ne.

Sai Bala Mila, ɗan Zariya, wanda ya rasu a 2003. Wasu za su ce ai jita da ƙahon Turawa ya yi amfani da su, don haka ba namu ba ne. Mu ba mu yarda ba. Ya ɗauki kayan baƙi ya sa su suka yi Hausa, har aka riƙa kallonsa a talabijin a duk Nijeriya. Harshe da zuciya ke nuna asalin waƙa, ba kayan kiɗa ba.

Mun san akwai iyaye da ke cewa duk wannan roƙo ne, bai dace da makaranta ba. Gaskiya ne akwai zambo da batsa a wasu waƙoƙin, ba mu ce a koya wa yara su ba. Amma ba a ƙone rumbu don an ga ɓera. A tsince tsaba, a zubar da tsakuwa.

Kada mu jira gwamnati. Kaset-kaset na tsufa a akwatunan iyayenmu, masu sanin ma'anar kalmomin kuma suna ƙarewa. Ya ku ɗalibai, idan kun je hutu, ku zauna da kakanninku, ku tambayi wa ya yi waƙa kaza, don me ya yi ta, ku rubuta. Ko kusurwa ɗaya ta ɗakin karatunmu ta isa a fara. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya sa mu gane darajar namu.