Tseren motoci: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Duk watan Janairu gidajen rediyo da telbijin na ƙasashen waje sukan cika mana kunne da labarin tseren motocin nan da ake kira Dakar, ana faɗin wane ya ci sau kaza, wane ya karya tarihin wane. Mu ma a ƙananan rediyoyinmu na karkara mukan ɗauko waɗannan alƙaluma mu karanta wa jama'a yadda suka zo mana. To amma ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin cewa littafin lissafi mai shi ne ke zaɓen abin da zai rubuta a ciki. Shi ya sa muke so mu buɗe wannan littafi tare da ku, mu ga abin da aka rubuta, mu kuma ga shafin da aka bari fari.

Abin da aka rubuta dai gaskiya ne, kuma abin jinjina ne. Gasa iri biyu ce manya. Ta farko ita ce gasar duniya da ake kira WRC, wadda ake zagaya ƙasashe da ita cikin shekara ana tara maki. A nan wani Bafaranshe mai suna Sébastien Loeb ya zama zakaran duniya sau 9 a jere, daga 2004 zuwa 2012, cikin motar Citroën, ya kuma ci tsere 80 a rayuwarsa. Na ƙarshen a Monte Carlo ne a 2022 yana da shekara 47. Ɗan ƙasarsu Sébastien Ogier ya yi ta binsa a baya har ya kamo shi a 2025, suka zama tara da tara. Wani yaro ɗan Finlan, Kalle Rovanperä, ya ɗauki kambun a 2022 yana da shekara 22 da kwana ɗaya. Awon lokacinsu kuwa ya wuce awon mai sayar da zinariya: a Jodan a 2011, bayan ɗaruruwan kilomitoci na gudu, abin da ya raba Ogier da wanda ya zo na biyu kashi 2 ne cikin 10 na daƙiƙa guda. Ko ƙiftawar ido da ƙyar ta kai haka.

Ta biyun ita ce Dakar, kuma ita ce ta shafe mu. Sarkinta shi ne Stéphane Peterhansel, wanda ya ci sau 14: sau 6 bisa babur ɗin Yamaha tsakanin 1991 da 1998, sau 8 cikin mota tsakanin 2004 da 2021. Wata Bajamusa, Jutta Kleinschmidt, ta kayar da maza duka a 2001. Carlos Sainz na Sifen ya ci a 2024 yana da shekara 61, shekarun da a nan garinmu sai a ce wa mutum Baba zauna ka huta. Shi kuwa Loeb, duk da kambunsa tara, ya shiga Dakar tun 2016, ya zo na biyu a 2017 da 2022 da 2023, amma har gasar 2025 bai ɗauki kofin ba. Rairayi ba ya duba takardar shaidar kowa, sai wanda ya san hanya.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ke cin ribar waɗannan lambobi? A Janairun 1989, a garin Gawo na ƙasar Mali, direbobin Peugeot biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, sun yi wa kowa nisa, suna ta kokawa tsakaninsu. Shugaban ayarin, Jean Todt, ya ji tsoron kada su farfasa motocin kamfani a banza, sai ya jefa kwabo ɗan faran 10 sama, ya faɗa wa Vatanen. A yau littafi ya ce Vatanen ya ci Dakar sau 4, ɗaya daga ciki kuwa kwabo ne ya yanke hukunci. Kamfani bai damu da ko wanne ne cikinsu ba, muddin tambarin zaki ne ya fara isa. Haka Mitsubishi ta ci sau 12, bakwai daga ciki a jere daga 2001 zuwa 2007, sai ga sunan Pajero a bakin kowane alhaji. Haka Fijo 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Haka Toyota Hilux ta ci Dakar a 2019 da 2022 da 2023 da 2025. Tallar haja ce, kuma talla mai kyau. Sai dai mai shirin sayen a-kori-kura ya sani cewa Hilux ɗin tsere suna da kamanni kawai ta haɗa da wadda ake kawo mana daga Kwatano. Waccan kowane dare makanikai ne ke kwance ta su sake ɗaurawa, taka kuwa sai ta yi wata shida tana jigilar albasa daga Galmi ba a leƙa ƙarƙashinta ba.

Yanzu mu juya ga shafin da aka bari fari. Wannan tsere a ƙasarmu aka yi cikinsa. Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro shi, ɓacewa ya yi da babur ɗinsa cikin hamada a 1977, da aka ceto shi sai ya ce lalle sai ya kawo ƴan uwansa su ga abin da ya gani. Tseren farko ya tashi daga Pari ranar 26 ga Disamban 1978 da motoci da babura 182, guda 74 suka isa Dakar, kuma ta Agadas da Yamai suka bi. A 1983 guguwar rairayi ta watsa ƴan tsere kusan 40 cikin Tenere, aka yi kwanaki ana nemansu, hotunan suka zagaya duniya. A 1997 ma sunan gasar gaba ɗaya Dakar-Agadas-Dakar ne, kuma tana cikin shidan da Peterhansel ya ci bisa babur. Shi kansa Sabine, da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a Mali ranar 14 ga Janairun 1986, a zangon da ya taso daga Yamai, a gindin wani icce cikin Tenere aka watsa tokarsa. Ke nan kwarjinin da sunan Dakar yake da shi a yau, kaso mai yawa daga Ayar da Tenere da Kawar aka samo shi.

Ba za mu ce ba a samu komai ba, domin ƙarya ba ta da amfani. Duk ranar da ayarin ya sauka Agadas, masu masauki da maƙeran azurfa da ƴan jagora da masu sayar da mai sun ga kuɗi. Marigayi Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa, ya yi aiki da su, harkar yawon buɗe ido ta bunƙasa. Mawaƙin nan Daniel Balavoine da ya mutu tare da Sabine, famfunan ruwa ya zo kai wa ƙauyuka. Amma cinikin kwana biyu ne a shekara. Kuma ranar da suka ga hanya ta yi musu zafi, ba su yi shawara da kowa ba. A Janairun 2000, da aka ba su labarin barazanar ƴan bindiga, sai suka loda motocinsu cikin manyan jiragen Antonov daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya, suka tsallake sauran zangunan Nijar. Duk wanda ya ci bashi ya sayi kaya yana jiran baƙi a arewa, shi ya san yadda ya ƙare. Daga wannan shekara ba su sake tako ƙasar Nijar ba. A 2008 suka soke gasar ɗungurungum bayan kashe Faransawa huɗu a Muritaniya, a 2009 suka koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma suna Sa'udiyya. Sunan Dakar kuwa suna nan riƙe da shi, kamar mutumin da ya tashi daga rumfarka ya tafi da allon sunanka.

Akwai kuma lissafin da ya fi wannan ɗaci. A 1988 mota ta kashe wata yarinya ƴar shekara 10 a Kita ta ƙasar Mali, a wannan shekarar kuma wata uwa da ɗiyarta suka rasu a Muritaniya. A 2005 wata yarinya ƴar shekara 5 a Sanagal, a 2006 yara maza biyu cikin kwana biyu, ɗaya a Gine ɗaya a Sanagal. Ƴan tseren da suka mutu an jera su ɗaya bayan ɗaya, da sunan babur da lambarsa da kilomitar da abin ya faru, kuma Allah ya sani ba mu raina mutuwar kowa ba. Amma adadin mutanen ƙauyukan da aka take, kowace jarida da nata. Mutanen da ke iya auna kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa ba ƙidaya ce ta gagare su ba. Awaki da raƙuma da gonakin da aka bi ta kai kuwa ba a ma maganarsu.

Mu kanmu muna da rabonmu cikin wannan giɓi, domin ba mu rubutawa. Madugan ayarin gishiri sun shekara ɗaruruwa suna ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma da taurari kawai. Direbobin manyan motocin Agadas zuwa Dirku suna bin rairayin nan da lodin da ya ninka ƙarfin mota, ba jirgin ceto bisa kansu. Wanne ne cikinsu ya fi yawan ƙetarewa? Ba ƙungiyar direbobi ko ofishin ƴan kasuwa da ya aje wannan a takarda. Kenya ta fi mu a nan. Tseren Safari nasu ne tun 1953, ɗan ƙasarsu Shekhar Mehta ya ci shi sau 5, a 1973 sannan daga 1979 zuwa 1982, kuma ko da aka cire shi daga gasar duniya bayan 2002, sun ci gaba da yin abinsu a gida har aka dawo da shi a 2021. Su masu gida ne a tserensu, mu kuwa fili kawai muka ba da aro.

A yau halin tsaro a arewa bai bar wannan magana ta taso ba. Amma tun 2009 akwai wani tsere, Africa Eco Race, da ke bi ta Maroko da Muritaniya zuwa Dakar, kuma ranar da ƙura ta lafa, ko shakka babu wani zai zo da taswira yana neman Tenere. A ganinmu ranar nan bai kamata hukumomi su zauna su kaɗai da baƙi ba. A kira wakilan ƴan kasuwa da na direbobi da sarakunan garuruwan da za a ratsa. A rubuta nawa za a biya kowace komin, da yawan mai da abinci da za a saya a hannun ƴan ƙasa. A rubuta iyakar gudu cikin gari da diyyar rai da ta dabba tun kafin mota ta farko ta tashi, da wanda zai ɗauki asara idan an soke zango kamar yadda aka yi a 2000. Sanarwar ranar wucewa kuma a ba rediyoyin karkara da Hausa da Tamajak da Barbarci da Tubanci mako biyu kafin lokaci, a kuma biya kuɗin sanarwar.