Gaɓar Ikko Ta Bakin Dogon Gilashi

Makon nan zancenmu a kan ruwa yake.

Duk wanda ya san birnin Ikko ya san gaɓarsa kullum cikin sākewa take. Bar Beach, inda a da jama'a kan je shan iska, yau babu shi, an cike wurin da yashi ana gina unguwar Eko Atlantic. A watan Yulin 2012 Gwamnatin Jihar Legas ta ba masuntan Makoko, masu gidajen katako bisa ruwa, wa'adin awa 72, sa'an nan aka rushe wani sashe na unguwarsu. A Janairun 2020 kuma sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay, wurin da ake zuwa ta jirgin ruwa. Sau da yawa hoto kaɗai ke saura ya ba da shaidar yadda irin waɗannan wurare suke, kuma daga cikin kwalekwale aka fi ganinsu sosai. Saboda haka aikin mai ɗaukar hoton amana ne.

Sharaɗi na farko, hoton ya fita tangaran. Dogon gilashin kyamara, wato mai jawo nesa kusa, yana ƙara girman abin da aka auna, haka kuma yana ƙara girman rawar hannu. Ƙa'idar masu sana'a a tudu ita ce, gilashi mai milimita 300 na bukatar idon kyamara ya ƙyafta cikin kashi 1 bisa 300 na daƙiƙa. A ruwa wannan bai isa ba, sai a nemi 1 bisa 1000. Sandar nan mai ƙafa uku ba ta da amfani a jirgi, domin girgizar inji takan bi ta ƙafafunta ta shiga kyamara. Gara mutum ya zauna, ya matse gwiwar hannu a jikinsa, ya roƙi matuƙi ya kashe inji. A fita da sassafe kafin zafin rana ya sa iska ta fara rawa bisa ruwa, a kuma tsare gilashi daga feshin ruwan gishiri.

Sharaɗi na biyu ya fi nauyi, shi ne gaskiya. Idan aka ɗauki hoto daga nesa da dogon gilashi, tazarar da ke tsakanin abubuwa takan ɓace. Gidan da ke can nesa da babbar gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8 wadda aka buɗe a 1990, sai ya fito kamar ya jingina da ginshiƙinta. Irin wannan hoto na iya zama hujja a hannun mai neman a rushe gidan talaka. Maganin abin, a haɗa da wani hoton na gajeren gilashi mai nuna faɗin wurin, a kuma rubuta rana da inda aka tsaya.

Haka nan dogon gilashi yakan leƙa tsakar gidan mutum bai sani ba. Kafin a auna shi ga jama'a, a sauka a gai da Baale, wato mai unguwa, a nemi izini.

An ce gani ya kori ji. To, mai nuna wa jama'a abin gani ya ji tsoron Allah. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.