Sarki Biyu, Hatimi Guda

An ce ba a sarki biyu zamani guda. Amma a Ailan ta Arewa, bisa sulhun 1998, shugabanni biyu ke riƙon mulki: ɗaya daga masu son zama da Birtaniya, ɗaya daga masu son haɗewa da Ailan. Ofishi guda ke yi musu hidima a Belfast, ba ya zartar da kome sai da yardarsu duka. Wannan ya hana wani ɓangare danne wani. Illarsa kuwa, in ɗaya ya sauka, ɗayan ma ya sauka. Haka ta faru a 2017, aka shekara uku ba gwamnati. A ganinmu wajibi ne a gyara wannan ƙa'ida, gama talakawa ke ɗaukar hasarar.